Sun Dawo Da Zanko, Mu Kuma Muna Rushe Zaure

'Yan uwana mazauna Kurmi, na Badun da Ikko da Shagamu da Anacha da Fatakwal, da duk inda neman halali ya kai iyayenmu har aka haife mu a can. Yau wata rigima ce ta cikin gida na ɗebo na kawo muku, domin na tabbata ba a gidanmu kaɗai ake yin irinta ba. Amma kafin na kai ga rigimar, bari na fara ba ku labarin abin da ya tayar da ita a zuciyata.

Kwanakin baya Alhaji ya aike ni Ikko na karɓo masa kuɗin goro wajen wani abokin cinikinsa. Da muka gama lissafi sai mutumin ya ce ba zan koma Badun ban ci abinci ba, ya ɗauke ni a mota ya kai ni wani gidan cin abinci na masu hannu da shuni. Wallahi da muka tsaya a ƙofa na ɗauka ƙofar gidan wani hakimi ce a Zariya. Bango ja kamar na jar ƙasa, a samansa ga zankwaye sun yi tsini, a jikinsa an zana dagi. Da muka shiga ciki sai na ga tabarmi a shimfiɗe, an rataye faifai da ƙore a bango, a lungu ga randa an dasa mata fure a ciki, ga fitilar ƙwai amma ƙwan lantarki ne ke ci a cikinta. Manyan mutane, Yarbawa da Inyamurai har da Turawa, sun naɗe ƙafa a ƙasa suna cin masa da miyar taushe suna ɗaukar hoto. Kuɗin faranti ɗaya kuwa zai yi wa Hajiyarmu cefanen kwana biyu.

Ni da ƙarambani, da na je wanke hannu sai na ƙwanƙwasa bangon. Bulo ne da siminti aka shafe da fenti. Sanyin da ke cikin ɗakin kuma na na'ura ne, ina jin janareta na ruri a bayan ginin.

Duk wanda ke lura ya san abin ya zama yayi. A wajen biki yanzu sai ka ga an zaunar da ango da amarya a gaban soron katako an yi masa bakan gizo. Sababbin gidaje a Abuja da Kaduna da Kano ana yi musu zanko a saman katanga, ana zana dagi a jikin get. Kwalla da tasoshin jere da iyayenmu mata suka gaji da su suka rabar, yau akwai masu nemansu da kuɗi. Ban ce wannan laifi ba ne, har ga Allah na ji daɗi da na ga abin kakannina a tsakiyar Ikko ana girmama shi. Sai dai a hanyata ta dawowa, tun daga Berger har muka wuce Shagamu, abu ɗaya nake ta juyawa a raina: a daidai lokacin da wasu ke biyan kuɗi don su zauna a zauren ƙarya, mu a gidanmu shawara ake yi a fasa na gaskiya a mai da shi shago.

Ba kowa ne ke wasa da abin ba, dole na faɗi wannan. Akwai waɗanda suka koma wa ginin ƙasa da gaske. A Jamhuriyar Nijar, a garin Dandaji, wata mai zanen gine-gine 'yar ƙasar, Mariam Kamara, ita da abokiyar aikinta sun gyara tsohon masallacin garin suka mai da shi ɗakin karatu, suka gina sabon masallaci a gefensa da bulon ƙasa da ake matsewa da inji, aka kammala a 2018. Kafin su, wani magini mai suna Falke Barmou ya fara gina masallacin garin Yama da ƙasa a 1962, kuma wannan masallaci ya samu lambar yabo ta Aga Khan a 1986. A 2022 kuma, babbar lambar yabo ta masu zanen gini ta duniya, wadda ake kira Pritzker, wani mutumin Burkina Faso ne ya samu, Francis Kéré, wanda sunansa ya fara fita saboda makarantar firamare da ya gina wa ƙauyensu Gando da bulon ƙasa. Wato abin da muke jin kunyar a ce a cikinsa aka haifi iyayenmu, shi wasu suka ɗauka suka ci gasar duniya da shi.

Kuma ba son gargajiya kaɗai ke jan mutane ba, aljihu ma yana magana. Kowa ya tuna yadda buhun siminti ya haura naira dubu goma a farkon 2024. An cire tallafin mai a watan Mayun 2023, janareta ya zama abin da ake kunnawa da lissafi. A watan Afrilun 2024 aka ninka wa masu samun wuta sosai kuɗin lantarki fiye da sau uku. To mutumin da ya gina ɗakin bulo mai siririn bango, ya rufa kwano, ya toshe ko'ina da gilashi, in wuta ta ɗauke ai tanda ya gina wa kansa. Shi kuwa soro, kaurin bangonsa ne ke shanye zafin rana a hankali, kafin zafin ya ratsa ya shigo ciki rana ta faɗi, cikin dare kuma lokacin hunturu sai bangon ya riƙa sakin ɗumin. Na ga wannan da idona lokacin da muka je gaisuwar rasuwa cikin birnin Kano a tsakiyar bazara. A falon zamani muka fara zama gumi na zuba, da aka mai da mu tsohon soron gidan sai ga shi har barci ya ɗauke ni.

A can ne wani tsoho da ya yi aikin gini tun yana yaro ya zaunar da ni ya yi mini bayani, don ya ga ina ta kallon rufi. Ya ce tubali da hannu ake murza shi a shanya a rana, a jera shi a cikin kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Azara daga giginya ake tsago ta, kuma an zaɓe ta ne saboda gara ba ta cika cin ta ba. To azara ba ta iya ɗaukar nauyin rufin ƙasa in an ba ta tazara mai faɗi, shi ya sa magina suka ƙirƙiro bakan gizo, suna ɗaure azara a kan azara suna lanƙwasa ta har ta haɗe a sama, ɗaki ya yi faɗi ba tare da ginshiƙi a tsakiya ba. Makuba kuma daga ɓawon ɗorawa ake samun ta, ana shafe bango da ita don ruwa. Akwai kuma laso, wanda ake haɗawa da katsin marina. Indararo shi ke fitar da ruwan rufi ya watsa shi nesa da gindin bango. Ya ce in ina son ganin iyakar gwaninta na je na kalli tsohon masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani ya gina zamanin Sarki Abdulkarimu, ko na shiga Gidan Makama nan cikin Kano. Abin da na fahimta daga maganarsa shi ne kusan komai a ginin nan aikinsa yake yi, kyan da muke gani daga baya ya biyo.

To jama'a, kada wani ya ce ɗan Sabo ya zo yana kiran mu koma ginin ƙasa a Kurmi. Ban ce ba. Ruwan Badun ba irin na Katsina ba ne, a nan sama na iya kwana tana zuba, kuma daminar ta fi tsawo nesa ba kusa ba. Rufin soro ba zai kai labari ba. Su kansu Yarbawa da suka yi ginin ƙasa, ku je Beere ko Oje ku gani, kwano suka ɗora masa mai fiffike don ya kare bangon. Ko a Arewa ma duk shekara muna jin labarin gidajen ƙasa da suka rufta wa mutane da damina, domin ginin ƙasa yana son yaɓe a kai a kai, wanda ya bar shi shekara biyu uku ya sayi rigima. Giginyar ma ta yi ƙaranci, maginan da suka iya aikin sun tsufa, 'ya'yansu sun koma birkiloli. Duk wannan gaskiya ne, kuma wanda ya taɓa kwana yana tarar yoyo da kwano ba zai so a yi masa waƙar soro ba.

Amma zaure ba ruwansa da ƙasa ko siminti. Namu da bulo aka gina shi, rufinsa kwano, ba zanko ba dagi. Ɗaki ne kawai mai ƙofa biyu, ɗaya tana kallon titi ɗaya tana shiga gida, kuma an goce su yadda wanda ke tsaye a waje ba zai hango tsakar gida ba. Akwai dakali a gefe, da buzu, da tsohuwar randa wadda har yau ake zuba mata ruwa. In ka gan shi ba za ka ɗauke shi hoto ba.

Unguwar Sabo ta Badun a 1916 aka kafa ta, kuma abin da ya riƙe ta tun farko shi ne fataucin goro da shanu. Wani malamin jami'a daga Ingila, Abner Cohen, ya zauna a unguwar ya yi bincike har ya fitar da littafi a kanta a 1969, kuma abin da ya fi ba muhimmanci shi ne matsayin maigida. Mu ba sai mun karanta littafi ba, a bakin kakanninmu muka ji. Falke zai taso daga Arewa da dukiya mai yawa, bai san kowa ba, ba ya jin Yarabanci. Sai ya sauka wajen maigida. Maigida ya ba shi wurin kwana, a fito masa da tuwo daga cikin gida, a ajiye masa kuɗinsa, a haɗa shi da dillali, in an sayi kayansa bashi maigida ne ke tsayawa. Babu takarda babu lauya, amana ce kawai, kuma wannan amanar tana da wurin zama. A zaure take zaune.

Kakana da ya zo garin nan ba shi da komai sai 'yar jakarsa da buta. A zauren wani maigida ya yi shekaru yana kwana, yana ɗaura huhun goro, har aka yarda da shi aka fara aikensa ƙauyuka sayayya, har maigidan ya yi masa aure. Da Allah Ya buɗa masa ya sayi fili, zaure ya fara ginawa kafin ɗakin kansa. Alhaji yakan ce ba ya iya ƙirga mutanen da suka kwana a zauren nan tun yana yaro, wasu yanzu suna da gidaje da motoci, wasu sun koma gida, wasu sun rasu a nan an yi musu sutura daga ƙofar nan. Ni ma a nan na yi karatun allo da asuba kafin na tafi boko. A nan aka raɗa mini suna. A nan aka ɗaura auren yayyena mata guda biyu. A nan na ga an sasanta mutum biyu da suka zo da niyyar kai juna ofishin 'yan sanda, suka fita suna raba goro ɗaya.

Shawarar Yaya ita ce a fasa zauren a fitar da shaguna biyu masu kallon titi, a buɗe ƙaramin get a gefe don shiga gida, a sa tayil, a yi fenti. Har ya ce za a zana dagi a jikin get ɗin don a san gidan Hausawa ne. Kuma kada ku ɗauka Yaya mutumin banza ne, shi ne ke ɗauke da rabin nauyin gidan tun da ƙafar Alhaji ta fara ciwo. Ga hujjojinsa kamar yadda ya jera su a gaban Alhaji. Ya ce cinikin goro ba kamar da ba, kuɗin haya na shago biyu zai biya wa ƙannenmu kuɗin makaranta. Ya ce yanzu waya ta kashe sallama, mai neman ka daga bakin titi zai kira ka ka fito. Ya ce fatake ba sa kwana, kuɗi ta banki ake turowa, kaya a ɗora wa mota direba ya kai. Ya ce zamani ya lalace, ka saukar da baƙon da ba ka sani ba gobe a zo a kama maigida. Sannan ya kawo maganar rikicin kasuwar Shasha na watan Fabrairun 2021, ya ce mun ga yadda dukiyar mutane ta ƙone a kwana biyu, don haka duk abin da gidan nan zai iya kawowa gara a karɓa yanzu a je a yi gini a gida.

Maganar Shasha ta sa kowa ya yi shiru, har ni. Wanda ya ga mutane sun kwana a Sabo da kayan jikinsu kaɗai ba zai raina wannan magana ba. Amma da na nutsu sai na tuna, to a ina suka kwana? A masallatai da fadar Sarkin Sabo da zaurukan mutane. Namu ma ya cika har dakali. Da shago ne a wurin, da kwaɗo za su tarar.

Ni abin da na gani, ba baƙi ne suka daina zuwa ba. Baƙi sun fi na da yawa. Duk motar da ta sauke albasa ko tumatir ko shanu, sai ta sauke samari tare da kayan. Wasu acaba suka zo yi, wasu ga-ruwa, wasu gyaran takalmi, wasu jari-bola. Bambancin shi ne na da yana sauka a hannun wani, na yanzu a titi yake sauka. Yana kwana a bakin shago ko a tasha ko a kangon gini, ba wanda ya san sunan ubansa, ba wanda ya san garinsu, ba wanda zai ce masa bari. In ya yi rashin lafiya sai dai a yi karo-karo a masallaci. In kuwa ɗaya daga cikinsu ya yi abin kunya, masu gari ba za su ce wane ne ya yi ba, cewa za su yi Hausawa ne, kuma a kanmu da aka haifa a nan abin zai ƙare. Yaya na ganin saukar da baƙo hatsari ne. Ni kuma ina ganin baƙon da ba shi da masauki ya fi hatsari, gare shi da gare mu. A da maigida ya san wanda ke kwana a zaurensa, ya san ranar da ya zo da wanda ya kawo shi, kuma in ya ga take-takensa ba su yi ba zai sa shi a mota ya koma. Har yau ban ga abin da muka kafa a madadin wannan ba.

Sannan ku dubi gidajen da suka riga suka fasa nasu. Ina shiga irinsu don abokaina ne. Baƙo namiji ya zo, ba inda za a ajiye shi sai falo, falon kuma a tsakiyar gida yake. Sai matan gida su kwashe kayan aikinsu su shige ɗaki, su zauna cikin zafi har baƙo ya gama hirarsa, mai son zagawa bayi ta haƙura. Ko kuma maigida ya fito da benci bakin titi, dattijo da furfurarsa yana hira babura na watsa masa ƙura. In aka yi rasuwa sai an yi hayar rumfa da kujeru an tare hanya kwana uku, maƙwabta na ƙorafi. Yara maza da suka fara girma kuwa ba su da wurin zama a gida, ba su kuma zauna kusa da manya balle su ji yadda ake magana, sai majalisar bakin kwalbati. Kuɗin hayar shago ana ganinsa a hannu duk shekara, shi ya sa yake da sauƙin lissafi. Wannan asarar kuwa ba mai rubuta ta a littafi.

Na san inda maganata take da rauni, kuma Yaya bai bar ni na manta ba. Ya ce, "Kai da ba ka biyan kuɗin makarantar kowa, ai dole ka so zaure. Ranar da aka koro su Ummi daga makaranta sai ka kai wa shugaban makarantar dakali." Ban da amsa a kan wannan. Sakandare na gama, a shagon Alhaji nake, abin da nake samu bai wuce na sabulu da katin waya ba. Mai son a ajiye abin tarihi da aljihun wani, ai dole a yi masa gori. Kuma gaskiya ne zauren ba ya cika kamar da, akwai watan da zai wuce ba wanda ya kwana a ciki sai almajirai biyu da ke yi wa Hajiya aike.

Abin da na roƙa shi ne kada mu yi abin da za mu dawo muna saye da tsada. Mutanen da na gani a Ikko suna naɗe ƙafa a tabarma, na tabbata akwai waɗanda iyayensu suka yar da tabarmar suka sayi kujera don kada a ce musu 'yan ƙauye. Zanko in ka rushe shi, gobe birkila zai ɗora maka wani da siminti a yini ɗaya, dagi kuma aikin mai fenti ne. Amma shagon da ka ba ɗan haya ya zuba kaya ya yi shekara biyar, ba ka isa ka ce ya tashi za ka shimfiɗa buzu ba. Kuma in mutane suka saba wucewa ba su tsaya sun yi sallama ba, ko ka sake gina zauren ba lallai su dawo ba. Ga masu sabon gini a cikinku, ko a nan ko a gida, in filin ya isa a yi wa mota rumfa to ya isa a fitar da ɗaki ɗaya mai ƙofa biyu. Ku faɗa wa mai zana muku gidan tun farko, don in ba ku faɗa ba irin na kowa zai zana muku.

Duk wannan muhawara da muke yi Alhaji bai ce uffan ba, yana ta jan carbi. Sai bayan sallar isha'i ya sa aka kira mu ni da Yaya, a zauren kuwa. Ya ce ya ji maganar kowa, kuma kowa yana da gaskiya. Ya ce shi dai ba zai iya tsayawa yana kallo a sa guduma a ɗakin da aka fitar da gawar mahaifinsa ba, in ya mutu mu yi yadda muka ga dama. Amma kuma yara ba za su zauna a gida ba saboda kuɗin makaranta. Sai ya juyo ya kalle ni ya ce, "Kai Auta, ɗakinka ma ai titi yake kallo ko?"

Na ce, "E, Alhaji."

Ya ce, "To shi za a fasa. Shago ɗaya ya isa. Tunda kai ne lauyan zaure, sai ka kwaso katifarka ka dawo cikinsa, in baƙo ya zo ka matsa masa."

Yaya ya yi dariya har da riƙe ciki, ni kuwa na rasa bakin magana, don ban taɓa kawo wa raina cewa abin zai biyo ta kaina ba. Ɗakin nan shekara shida ina cikinsa, ni na sa masa labule da fanka da kuɗina. Ranar Asabar birkila zai zo ya auna. Na riga na fara kwashe kaya, akwatina yana ɗakin Hajiya, kuma na gano cewa ƙofar zauren ta waje ba ta rufuwa sosai, sauro na shigowa ta ƙasa, sai na nemi kafinta. Yaya ya ce maganar zana dagi tana nan, a jikin ƙofar sabon shagon za a yi. Ban yi masa musu ba.